Tudun Beljiyam da Rairayin Tasawa

Ranar Lahadi 21 ga Afrilu 2024, bai fi mako biyu da ƙaramar Salla ba, na shiga Tasawa gaida tsohon malamina, wanda ya koya mini riƙe alli tun ina ajin farko na lakwal, yanzu ya yi ritaya ido ma ya fara rauni. Zafin ranar irin wanda ko kaza ba ta barin inuwa ne. Na tarar da shi a rumfa ya jona talabijin da batirin sola, ya tasa ta gaba kamar mai jiran sanarwar ganin wata. Na ɗauka ƙwallo ake bugawa. Da na leƙa sai na ga Turawa sun fi ɗari a kan kekuna, sun cunkushe a wata 'yar siririyar hanya tsakanin itatuwa, wasunsu har da safar hannu saboda sanyi. Na ce, "Mushe, yau kuma tseren keke ake kallo?" Ya turo mini kujera da ƙafa ya ce, "Zauna, ɗana, ka ga inda ake hisabi tun a duniya."

Sunan tseren Liège–Bastogne–Liège, a kudancin ƙasar Beljiyam ake yin sa, yankin da suke magana da Faransanci. Tun 1892 aka fara shi, shi ya sa masu abin suke kiransa da wata kalma mai nufin dattijuwa, don shi ne babba a shekaru cikin manyan tsere biyar na yini guda da ake ji da su a duniya. Ya bambanta da Tour de France da muka fi jin sunansa a rediyo, wanda ake shafe mako uku ana yi, in ka sha kaye yau kana da gobe. Wannan da safe ake tashi, kafin la'asar an san gwani, wanda ya yi sakaci kuwa sai ya jira baɗi. Tsawonsa kimanin kilomita 250 ne. Don mai karatu ya gane, kamar a ce ka tashi daga Tasawa ka je Maraɗi ka juyo ka dawo Tasawa ke nan, a kan keke, cikin awa shida da 'yan mintoci. Sai dai hanyarsu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin tamu. Tuddan yankin Ardennes ne, ka hau wannan ka gangara ka tarar wani yana jiranka, in aka tara hawan duka ya haura mita 4,000, wato kamar mutum ya hau ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Abzin sau biyu tun daga bakin teku.

Ni da ban san kan abin ba, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ganin ba wanda yake rububin shiga gaba. Na ce wane irin tsere ne wannan, kowa yana laɓewa bayan ɗan'uwansa? Malam ya yi dariya har da tari, sannan ya yi mini karatu kamar na koma ajinsa. Ya ce babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ke gaba shi ke sara ta, na bayansa yana samun rangwamen kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, na tsakiyar ayari ma ya fi haka samun sauƙi. Kowace ƙungiya mutum bakwai take kawowa, ɗaya ne madugu, sauran shidan aikinsu su tare masa iska, su koma baya wajen mota su ɗauko masa ruwa da abin tauna, in tayarsa ta fashe wani ya sauka ya miƙa masa kekensa. Albashi ake biyansu don su gaji a madadin wani. Da yawansu sun san tun da safe ba za a ga sunansu a jarida ba, wasu ma ba za su ƙarasa ba. Can a ƙarshen jerin motocin da ke bin ayarin akwai wadda suke kira motar tsintsiya, ita ke share waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, a ɗora kekensu, su zauna ciki shiru har gari.

Laɓe-laɓen nan yana aiki ne muddin hanya a miƙe take. Da zarar an zo tudu gudu ya ragu, inuwar ɗan'uwanka ta daina yi maka amfani sosai, kowa sai ya ɗaga nauyin jikinsa da ƙafarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yi azahar mun dawo ke nan ayarin ya doshi wani tudu da ake kira La Redoute, saura kilomita talatin da 'yan kai a gama. Tudun bai wuce kilomita biyu ba, amma a kowace mita ɗari sai ka ɗaga sama da kusan mita tara, wani wurin ma ya kusa ninka haka. Wani ɗan ƙasar Sulobeniya mai suna Domen Novak ya shiga gaba ya ja da iyakar ƙarfinsa har ayarin ya miƙe kamar zare, sannan ya kauce gefe, nasa ya ƙare. Sai madugunsa, Tadej Pogacar, ya taka. Ba wani abin al'ajabi na gani ba a ido, tazarar keke ɗaya ce ta zama biyu, ta zama goma, kafin a kai saman tudun ba kowa a bayansa. Shi kaɗai ya tuƙa sauran hanyar har Liège. Romain Bardet na Faransa ya zo na biyu bayan minti ɗaya da daƙiƙa 39, Mathieu van der Poel na Holand, wanda wani karo da aka yi tun da nisa ya tsare shi a baya, ya zo na uku.

Malam bai ko tafa ba. Ya ce yaron gwani ne, amma a ba shi labarin 1980. Na ce ai shekarar da aka haife ni ke nan. Ya ce to a shekarar ƙanƙara ta sauko musu tun daga tashi, mutum 174 suka fara, 21 kaɗai suka ƙarasa, Bernard Hinault na Faransa ya ba na biyu tazarar minti tara da daƙiƙa 24, kuma sanyin ranar ya taɓa masa yatsu biyu da suka daɗe ba su dawo daidai ba. Ya ambaci Eddy Merckx na Beljiyam da ya ci tseren sau biyar. Daga nan ya koma kan maganar iska, ya ce duk ƙarfin mutum in shi kaɗai ne kuma iska na dukan ƙirjinsa, ayarin ragwaye ma sai ya kama shi, sai dai irin su Pogacar da ba a haifarsu kullum.

Yana faɗin haka gabana ya faɗi. Ban ce masa komai ba, na shanye shayina na yi sallama. Amma duk hanyar komawa ba Pogacar nake gani ba, wani yaro nake gani tsaye a ƙofar ajina, ƙura ta yi masa fari fat har gashin ido.

Kafin in zo kan yaron sai na faɗi wani abu game da kaina, don shi ne ya sa laifin ya yi mini nauyi. Ni ba baƙon keke ba ne. Da na fito daga makarantar horar da malamai ta Maraɗi aka tura ni wani ƙauye a gundumar Mayahi, kusa da Gulbin Kaba, inda goruba ta fi mutane yawa. Malamin kwantiragi ne ni, aji na zana, allo a jingine da kututture. Da kuɗin wata uku na sayi Phoenix na hannu, baƙi, mai kariya da ƙararrawa, wanda nauyinsa ya kusa kilo ashirin. (Na 'yan tseren nan doka ce ta hana shi yin ƙasa da kilo 6.8, da tuni sun rage shi, kuma kuɗin guda ɗaya yakan haura sefa miliyan shida.) Da shi nake zuwa Mayahi ƙarshen wata karɓar albashi, wani lokacin a ce ba a turo ba in juyo haka nan. Na san yadda rairayi yake kama tayar gaba ya karkatar da ita kamar wani ya riƙe maka hannu. Na san inda ake sauka a tura. Na san tsidau, ƙayar nan da ba ta da girma amma takan zaunar da babban mutum a rana yana neman inda iska ke fita da miyau a yatsa. Mu nan Allah bai ba mu tuddai ba, daga Tasawa har Mayahi in ka hau jigawa ɗaya kana hango ta gaba, amma ya ba mu rairayi, kuma aikinsa a ƙafar mai keke ɗaya ne da na tudu, sai dai shi ba ya biyanka da gangara.

Shekara takwas na yi a kan wannan keken. A 2011 na sayi babur, daga baya aka mayar da ni wata kwaleji ta karkara a arewacin Tasawa ina koyar da Faransanci. Ba zan yi ƙarya ba, cikin shekara biyu da hawa babur na manta komai. Rairayin da ke sa ni zufa ya zama wurin da nake ƙara murɗa hannu kawai in wuce.

Yaron ya shigo sizyam, ajin farko na kwaleji, a watan Oktoban 2023, kuma ni ke riƙe da ajin. Ƙauyensu yana yamma da mu, kilomita goma sha uku ne kamar yadda agogon babur ɗina ya nuna mini daga baya. A ƙauyen akwai lakwal amma ba kwaleji, kamar yawancin ƙauyukanmu, don haka duk yaron da ya gama aji shida ko dai ya sami mai riƙo a garin da kwaleji take, ko ya yi ta jeka-ka-dawo, ko ya ajiye. Shi bai sami mai riƙo ba, sai ubansa ya saya masa keke. Watan farko da na biyu ba ni da abin cewa a kansa. Ba ya cikin na gaba-gaba, amma rubutunsa yana da tsabta, kuma yana da wata ɗabi'a ta motsa baki yana maimaita kalma a hankali kafin ya ɗaga hannu.

Da Disamba ta shigo ya fara latti. Ƙarfe takwas muke shiga, shi sai takwas da rabi, wata rana har tara saura. Darasina ne na farko kwana uku a mako. Na sa shi durƙuso, na sa shi shara, na mayar da shi ƙofa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yana da keke. Na ce masa yaran da ke zuwa da ƙafa suna riga ka, ban tsaya na tuna cewa masu ƙafar daga bayan kasuwa suke fitowa ba. Wata safiya cikin Janairu ya iso na riga na raba takardun gwaji. Na ce, "Yau kuma mene ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, iska ce." Na ce, "Ai da ganinka an ga ɗan iska." Aji ya fashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina yadda maganar ta zauna. Na ba shi sifiri a gwajin.

Sifiri biyu ko uku irin wannan sun isa su karya makin yaro na rabin shekara, kuma duk wanda ya san kwalejojinmu ya san abin da ke jiran mai ƙaramin maki a ƙarshen sizyam: ko maimaici ko kora. Da aka raba sakamako a Fabrairu nasa ya yi ƙasa. Mako na gaba bai zo ba, na bayansa ma haka. Da kwanakin suka cika na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunansa, na rubuta kalmar da ake rubutawa. Ban aika an tambayo ba. A ajin nan kaɗai shi ne na bakwai da na ja wa layi a shekarar, hannu ya riga ya saba.

Abin da ya faɗo mini a rumfar malam lissafi ne da ɗan aji uku zai iya. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa. Ƙauyen yaron yana yamma. Ke nan kowace safiya daga Disamba zuwa Fabrairu yana tuƙa kilomita goma sha uku iska na dukan ƙirjinsa, cikin rairayi, shi kaɗai, ba wanda zai laɓe a bayansa. Gaskiya ya gaya mini, da kalma biyu, ni kuma na mayar da ita abin dariya.

Farkon watan Mayu na hau babur na je ƙauyen. Na sami uban a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, damina ta kusa. Da na faɗi ko ni wane ne ya miƙe ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, yana ta godiya wai malam da kansa ya tako. Wannan karamcin ya fi zagi ciwo. Na tambayi yaron. Ya ce, "Ai ya tahi Agadas, Malam, tun kahin azumi, shi da ɗan wana." Na ce, "Baba, bai gaya maka abin da ya sa ya bar lakwal ba?" Ya ce, "Shi ba mai yawan magana ba ne. Cewa ya yi ƙahwa tai ta gaji. Na yi hwaɗa, na yi lallashi, don akuya biyu na saida na sai mishi keken ga. Daga baya na ce wataƙila karatun ne Allah bai nuhe shi da shi ba." Ya nuna mini keken a rataye cikin zaure, an cire shi daga ƙasa don kada gara ta ci taya. Na so in gaya masa abin da na ce wa ɗansa a gaban aji. Bakina ya ƙi. Abin da na iya kawai shi ne tambayar ko akwai ƙanensa, ya ce akwai, yana aji shida, bana zai gama.

Na bar maganar a raina har hunturu ya dawo. Cikin Disamban 2024 na koma ƙauyen da yammacin wata Juma'a na kwana, na roƙi aron keken, wanda a lokacin ƙanen ne ke hawansa zuwa wajenmu. Da aka sallame asuba gari ya fara haske na hau. Mutanen ƙauyen suna ta kallona, na ji wata tsohuwa tana tambaya ko babur ɗin malam ne ya lalace.

Jiki magayi. Kilomita biyun farko ƙasa ce mai tauri tsakanin gonaki, na ce ashe da sauran ƙarfina. Daga nan hanya ta faɗa cikin sawun amalanke, rairayi ya kama taya, iska kuma ta taso kamar an buɗe mata ƙofa. Duk takun da na yi sai in ji an mayar da rabinsa baya. Wuri uku na sauka na tura, ɗaya daga ciki ya fi rabin kilomita. Yatsuna suka sandare a kan birki alhali bayana yana zufa. Ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando. Keken ba shi da giya, sarƙarsa ta saki, sau biyu tana zamewa in tsaya in mayar da ita da tsinke. Wajen wani gawo na tsaya na jingina ina haki, ba gida gaba ba gida baya, ba kowa sai wani makiyayi can nesa, a nan na gane cewa kaɗaicin ya fi gajiyar. In taya ta fashe a wurin nan ba famfo, ba mai faci, ba wanda zai je ya ce da malam ga abin da ya faru. Na isa ƙofar makaranta bayan awa ɗaya da minti hamsin. Da ranar karatu ce, da na tarar an rufe ƙofa.

Ranar Litinin na kai maganar gaban darakta da sauran malamai. Abin da na nema ba shi da yawa: daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu kada a mayar da yaran nesa daga ƙofa, kuma kada a sa gwaji a awar farko. An yi gardama. Wani abokin aikina ya ce in aka buɗe wannan ƙofar 'yan cikin gari ma za su ce iska ce, wani ya ce mu ma da ƙafa muka yi karatu ba wanda ya tausaya mana. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa muka rubuta sunayen ƙauyukan da abin ya shafa muka manna a ofis. Ta biyun kuwa na daɗe ina faɗinta da bakina, yanzu ba na son jinta, domin mu da muke faɗinta mu ne 'yan kaɗan ɗin da suka ƙarasa, ba a taɓa tambayar waɗanda aka kwashe a hanya ba.

Sai kuma abin da na sato daga talabijin ɗin malam. Na tara yaran da ke fitowa daga wannan ɓangaren, su shida ne daga ƙauye uku da ke kan hanya ɗaya, kowa da lokacin fitarsa. Na ce su riƙa jiran juna a mararraba su taho a jere, babba a gaba, in ya gaji ya kauce ya koma baya na biyu ya karɓa. Na fitar da jika uku na saya musu famfo da kayan faci. Kada in cika baki: gudun yaro a rairayi ba gudun Bature a kwalta ba ne, rangwamen iskar da suke samu bai kai na 'yan tsere ba, kuma makon farko faɗa suka yi ta yi a kan wa zai shiga gaba. Amma na baya yana bin sawun da na gaba ya danne, in sarƙar ɗaya ta zame akwai mai riƙe masa keke, in abin ya gagara ɗaya yakan ɗauki ɗaya a kariya a bar keken a gidan wani. Lattin ya ragu, bai ƙare ba.

Ranar 28 ga Satumba 2025 na koma rumfar malam, wannan karon ni na tuna masa. Gasar duniya ce ake yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Kilomita 267 da rabi, hawan da aka tara ya haura mita 5,400, ga wani tudu da aka shimfiɗe da duwatsu, ga jama'a baƙaƙe irinmu sun cika gefen hanya suna kiɗa. Pogacar ne dai ya sake cinyewa, ya tuƙa fiye da kilomita sittin na ƙarshe shi kaɗai, Remco Evenepoel na Beljiyam ya bi masa. Mutum 165 suka tashi, 30 suka ƙarasa. Da yake zagaye ake yi a cikin gari, duk wanda aka ba tazara mai yawa alƙalai sukan tsayar da shi su fitar da shi daga hanya. Cikin 'yan Afirka mutum ɗaya ne ya kai ƙarshe, Amanuel Ghebreigzabhier na Iritiriya, shi ne na talatin ɗin. Ko Biniam Girmay, ɗan ƙasarsu da ya ci Gent–Wevelgem a 2022 kuma ya ɗauki koriyar riga a Tour de France ta 2024, bai ƙarasa ba, tuddan ba irin nasa ba ne.

Na lura da wani abu a bakin masu sharhin. Mutum 135 sun sauka, amma ban ji an kira ko ɗaya rago ba. Tsawon hanya suke ambata, da zafi, da tsayin garin, da wanda ya ƙone kansa don madugunsa. Sun san hanyar domin da yawansu sun taɓa tuƙa irinta. Na ce da malam mu a lakwal mun fi su tsanani, mu ne alƙalai mu ne kuma motar tsintsiya, ga shi ba mu san hanyar ba. Ya ce, "Kai ka san ta, mantawa ka yi." Bai san labarin yaron ba sai a ranar.

Wani zai ce me ya haɗa malamin ƙauye da wasan masu kuɗi. Ni ma ba na mafarkin wani daga Urafan ko Kanan Bakashe zai hau La Redoute gobe. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna shirya Tour du Faso tun 1987, keke ya shiga jininsu, mu kuwa nan kokawa ce tamu, keke abin zuwa gona ne da niƙa. Ƙafafun kam akwai su, na gansu, yaron da ke yin kilomita ashirin da shida kullum a kan ƙarfen da ya kusa rabin nauyinsa ba ƙaramin abu yake yi ba. Abin da ya fi damuna ma 'yan mata ne. A Afrilun 2025 wata 'yar tsibirin Morishiyos, Kim Le Court, ta ci Liège–Bastogne–Liège ta mata. A ayarin yarana ba mace ko ɗaya. Daga ƙauyukan nan uku 'yan mata suna gama aji shida kowace shekara, ba wanda ke saya musu keke, ba kuma uban da zai bar 'yarsa ta bi wannan dajin da duhun asuba, don haka sunansu ba ya ma isowa rajistata balle in ja masa layi. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba, famfo ba ya maganinsa.

A hunturun da ya wuce ƙanen yaron ya shiga aji na biyu na kwaleji, shi ne ma yakan ja ayarin in an zo jigawa ta ƙarshe. Wata safiya ina tsaye a ƙofa da rajista a hammata, takwas ta wuce da minti ashirin, na hango su sun fito daga cikin ƙura, biyar a jere, na shida yana tafe da ƙafa yana tura nasa. Da suka iso ƙanen ya jingine keken ya zo ya durƙusa ya ce, "Mushe, yayana ya bugo waya jiya, ya ce in gaishe ka." Na ce ina amsawa, yana lafiya? Ya ce lafiya lau, yana aikin bulo. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ya ce in tambaye ka, wai har yanzu sunanshi yana cikin littahi?"

Rajistar shekararsu tana cikin kabad a ofis, na san shafin, na san layin. Na ce ya karɓo mini lambar da yayan ya kira da ita. Ya ce wayar wani ce ya ara, amma in ya sake bugowa zai tambaya. Na ce to, shiga aji, an fara.